Kabarin Gidan Masera

Larai ce ta fara ganin gawar. Ta zo da hantsin Alhamis don ta juya albasar da matan ƙungiya suka shanya a dogon ɗakin gidan masera, sai ta tarar da ƙofar gidan a sakaye, ba a kulle ba. Ta yi sallama, Baba Isma'il mai gadi bai amsa ba. Da ta zagaya bayan ɗakin ta ga tulin jar ƙasa a gindin dogon yaro, inda kabarin wata Baturiya yake. An tone kabarin, babu komai a ciki sai ruɓaɓɓen katako. Baba Isma'il kuwa yana kwance a gefe, jini ya bushe a ƙeyarsa.

Kafin rana ta yi zafi duk Tudun Ƙirya ta cika tsakar gidan. Wasu suka ce dama an san Turawa ba sa binne nasu ba tare da zinariya ba. Wasu suka ce akwai masu sayen ƙashin mutum a ƙetaren iyaka. Ana cikin haka wani ya tuna cewa a makon da ya wuce Sajo, makiyayin da danginsa suka kafa ruga a bayan gari, ya yi cacar baki da Baba Isma'il a kan rijiyar gidan, har ya ɗaga sanda. Wani kuma ya nuna sawun jaki da ya fita ta inda katangar baya ta zube, ya nufi burtalin da ke bi ta rugar.

Ba a sake tambayar komai ba. Samari suka bi Maman, babban ɗan marigayin, suka iske Sajo yana shayar da shanu. Da mai gari bai kira jandarmomin Malbaza a waya ba, da gawa biyu aka binne a ranar. An ɗauke Sajo a bayan mota, hannunsa a karye, idonsa na hagu ya rufe da kumburi. Samarin suka aika wa rugar cewa su tashi kafin a sauko daga sallar Juma'a, in ba haka ba wuta za ta tashe su.

*

Bayan azahar Ajudan Sadiƙu, shugaban jandarmomin, ya tuƙo mota da kansa har Tsarnawa ya ɗauko Ubaidullahi mai bin sawu. Sun saba aiki tare a kan satar shanu. Ubaidu ya haura hamsin, dogo ne maras yawan magana, kuma tun yana ƙarami ya koyi karatun ƙasa a wurin kawunsa maharbi.

"Malam Ubaidu, sun riga sun tattake wurin," in ji Ajudan a hanya. "Amma ina son idonka ya gani. Mutumin da ke hannuna, in na sake shi su kashe shi. In na riƙe shi, ban san mi na riƙe ba."

Ubaidu ya gyaɗa kai kawai. Bai gaya masa cewa ya fi shekara ashirin yana kauce wa hanyar gidan nan ba.

Da dutsen tudu aka gina gidan, tun kafin a haifi Ubaidu. Matan zuhudu ne na cocin Katolika suka zo suka zauna a ciki, waɗanda mutanen ƙasar ke kira masera. Ba su samu mabiya ba, ba su kuma matsa wa kowa ba. Sun buɗe ɗakin shan magani da ɗakin haihuwa, sun koya wa mata ɗinki, a shekarun yunwa kuma sun dama kunu a manyan tukwane, mutane na layi tun daga bakin rijiya. A hankali suka tsufa, aka riƙa kiransu gida ɗaya bayan ɗaya. Masera Odil ce ta ƙi tafiya. Sanƙarau ya kashe ta a shekarar da ya share yaran yankin, aka binne ta a tsakar gida kamar yadda ta roƙa, masera biyun da suka rage tare da ita suka kulle ƙofa suka miƙa makulli ga hukuma.

Daga nan gidan ya yi ta sauya hannu. An yi lakwal, wato makarantar boko, a ciki har rufin ya fara yoyo. An mai da shi rumbun cimaka na gari, ɓeraye suka fi mutane amfana. An taɓa saukar da sojoji, an sha jefa ƙuri'a a ciki. Ƙaramin ɗakin addu'ar masera ya zama makwancin awaki. Yanzu mata masu noman albasa ke ajiya a dogon ɗakin, su ma an ce su kwashe kafin ƙarshen wata, don an ba Alhaji Mahaman hayar gidan zai yi ma'ajiyar siminti.

*

An riga an binne Baba Isma'il sa'ad da suka iso. Tsakar gidan ta zama kamar bayan tashin kasuwa, sawu a kan sawu. Ubaidu bai ɓata lokaci a kai ba. Ya tsaya a bakin ramin ya leƙa. Tsoro ya hana kowa shiga ciki, don haka ƙasan ramin na nan yadda aka bar shi.

Ya cire takalmansa ya sauka a hankali ta kusurwa. Sawun mutum ɗaya ne a ciki, takalmin taya mai faci a diddige. An jera guntayen akwatin a gefe guda, babu wanda aka jefar. Bangon ramin na gabas ya rufta daga sama, kamar an dafa shi da nauyi ya ƙi ɗauka. A ƙasan wurin akwai guntun dutsen ginin kabarin, da baƙin tabo a kaifinsa.

"A kawo mini takalman marigayi," in ji shi.

Aka ɗauko su daga ɗakin gadi. Facin diddigen ya zauna daidai cikin sawun.

"Shi ya yi tonon ke nan," in ji Ajudan. Ya sake leƙa ramin. "Ko kuma an tsaya a kansa da sanda anka sa shi."

"Zai yiwu."

Ubaidu ya fito ya dubi tulin ƙasar. An shimfiɗa tsofaffin buhunan albasa kafin a zuba ta. Ya sa aka kira Larai, ta zo tana jan mayafi, idanunta sun yi ja.

"Yaya kika ishe shi kwance?"

"Nan, ƙarƙashin icce. Bisa hannun dama, fuskarshi gabas."

"Idonshi fa?"

"A rufe. Na ɗauka barci shi kai, sai da na ga jinin."

"Jiya wa ya zo gidan nan?"

"Ba kowa, Malam. Jiya Laraba, duk mun tahi kasuwar Ƙonni da albasa. Sai magariba munka dawo."

*

Alhaji Mahaman na zaune a rumfar shagonsa a bakin titi, manyan motocin siminti na wucewa suna girgiza kwanon rumfar. Mutum ne mai jiki, kakanninsa daga Sakkwato suka zo da fatauci. Bai ɓoye cewa sun yi faɗa da mai gadin ba.

"Na ce mishi ranar Litinin injin zai zo ya baje tsakar gidan, don kamyo, manyan motocin nan, su samu wurin juyawa. Ya ce kabarin fa? Na ce a zuba tsakuwa a kai, wanda ya mutu ya mutu. Ya zage ni gaban yarana, tsoho da shi."

"Ka ji haushi," in ji Ajudan.

"Na ji. Amma ka yi tunani, Ajudan. Mutumin da injin zai yi mishi aiki ranar Litinin, mi zai kai shi tonon rami ranar Laraba? Ni yanzu ma abin ya ɓata mini. Direbobina sun ce ba su kwana a gidan da anka tone kabari."

Direbobin suka shaida cewa Alhaji ya wuni a Malbaza wajen lodi. Ubaidu ya dubi ƙafafunsa, manya ne masu faɗi cikin takalmin fata, ya dubi na yaran shagon.

Daga nan suka nufi masallacin unguwar gabas, don an gaya wa Ajudan cewa Malam Alamin, matashin limamin wurin, ya sha yin wa'azi a kan kabarin. Suka same shi yana shara a harabar masallaci. Ya jingine tsintsiya ya shimfiɗa musu tabarma.

"Na yi magana a kan gicciyen ƙarfen da ke bisa ƙofa, wannan gaskiya ne," in ji shi. "Kabari kuwa ban taɓa cewa a taɓa shi ba. Matar nan ita ta karɓi haihuwar uwata."

"Yaushe rabonka da marigayi?" in ji Ubaidu.

Malam Alamin ya sunkuyar da kai. "Ranar Lahadi ya zo nan bayan la'asar. Ya tambaye ni ko ana iya mai da ita maƙabartar gari. Na ce a'a, maƙabartar Musulmi ce. Ya ce to a bari kamyo su taka ta? Na ce ya tahi wajen mutanen coci. Ya ce an je, sun ce sai an nemi izini daga sama, abin zai ɗauki watanni." Ya murza gemunsa. "Ya tashi bai yi mini sallama ba. Abin ya tsaya mini a rai tun da na ji rasuwarshi."

"Ya ce an je. Bai ce wa ya je ba?"

"Bai ce ba."

A gidan makoki mata sun cika tsakar gida. Inna Salamatu, tsohuwar ungozomar gari kuma shugabar matan albasa, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin matar marigayin, ta lulluɓe har hannuwa. Yarinya ce marainiya sa'ad da masera suka ɗauke ta, a hannunsu ta koyi aikin. Ubaidu ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ubaidu, kai anka ɗauko?" in ji ta. "Ina ɗiyarka Raihanatu?"

"Tana Illela ɗakin mijinta, Inna. Ɗiyanta uku."

"Allah shi raya."

Ya tambaye ta ko ta san wanda Baba Isma'il ke shawara da shi a kwanakin nan. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce Isma'il mutum ne mai riƙe cikinsa. Wata mata ta fashe da kuka a cikin ɗaki, Inna Salamatu ta tashi ta shiga wurinta.

*

Rana ta kusa faɗuwa da suka isa rugar. Bukkoki ne kaɗan a kan fako, mazan sun kora shanu nesa don tsoro, mata da yara kawai suka rage. Kaltume, mahaifiyar Sajo, ta fito ta tsaya, ba ta ba su wurin zama ba.

"Shina da rai?"

"Shina da rai, Inna," in ji Ajudan. "Likita ya ɗaure hannun."

"Ruwa ya nema ma shanu, tsohon ya hana, sunka yi faɗa. Washegari tsohon da kanshi ya aiko a zo a sha. Wannan ba wanda ya faɗa muku shi, ko?"

Ubaidu ya roƙi a nuna masa jakunansu. Ya ɗaga ƙafar kowanne ya duba. Jakin da ya fita ta katangar gidan masera yana da kofaton gaba na hagu da ya yi tsawo ya karkace waje. Babu irinsa a nan.

"Ku ba ni zuwa gobe da hantsi," ya ce wa Kaltume. "Kada ku tashi."

Ta dube shi da idon da ya ga irin wannan sau da yawa. "Kai za ka kwana nan ka tare wutar?"

Ajudan ya yi alkawarin aiko da jandarma biyu da safe, ta juya ta shiga bukka.

*

Ubaidu ya kwana a zauren mai gari, da gari ya waye ya koma katangar da ta zube shi kaɗai. Sawun jakin ya shiga burtali, nan kuma shanu da ƙafafun masu sanduna sun shafe komai. A nan mutanen gari suka tsaya da dubawa. Shi kuwa ya bi gefen burtalin na dama a hankali, har ya wuce rugar, bai ga inda jakin ya fita ba. Ya tsallaka ya dawo ta gefen hagu. Can kusa da wata tsohuwar rijiya, tun kafin a kai rugar, ya ga karkataccen kofaton ya bar burtali ya gangara fadama.

A nan ƙasa ta yi laushi, ta riƙe komai. Jakin tafiya yake a hankali, ba kora ba. A gefensa na hagu, dab da cikinsa, akwai sawun silifa ƙarami, taku gajere, irin na mai tafiya yana dafe da kayan da ke bayan jaki don kada ya girgiza. Ubaidu ya bi ɓarayi da yawa a rayuwarsa. Bai taɓa ganin wanda ya raka kayan sata haka ba.

Sai ya ga sawu na biyu. Silifa ɗin nan ne dai, amma ya juyo yana komawa gidan masera, babu jaki. Wannan karon yatsun ƙafa sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa sosai ba. Gudu ne, gudun wanda jikinsa ya manta da gudu, yana yi yana tsayawa. A bakin magudanar da ke kai ruwa gonakin albasa ƙafar ta zame. Gwiwa ta bugi taɓo, hannun dama ya dafa don tare faɗuwa, rana kuma ta busar da taɓon kamar an gasa shi.

Ubaidu ya tsuguna. Tafin hannu ne ƙarami, yatsu a baje. Na tsakiya ya tsaya a gaɓa ta biyu, babu kansa.

Ya zauna a kan kunyar albasa. Babu wanda aka haifa a Tudun Ƙirya da kewayenta da bai san hannun nan ba. Ƙurji ne ya ci yatsan tun tana budurwa, Masera Odil ta yanke shi don a ceci sauran. Hannun nan ne ya juyo Raihanatu a ciki ranar da ta zo da ƙafa, a ƙaramin ɗakin da ke kallon rijiya. Matarsa Zalika ba ta tashi daga wannan gadon ba. Hannun nan ne kuma ya riƙe jaririyar makonni yana ɗura mata nonon akuya da cokali, lokacin da shi Ubaidu ba ya iya ko kallonta.

Ya tashi ya ƙarasa bin jakin, ko da yake ya san inda za shi. A kusurwar garkar Inna Salamatu, ƙarƙashin wata magarya, akwai sabuwar ƙasa da aka yayyafa wa ruwa aka daddaɓe, aka rufe da ƙaya don kada dabba ta tona. Jakin na ɗaure can gefe.

Ya yi tunanin komawa ya goge tafin hannun da ƙafarsa. Taku ɗaya ya isa. Ya tsaya a kansa har inuwarsa ta gajarta, yana tuna idon Sajo da aka ce ya rufe. Daga baya ya karyo reshen ƙaya ya kifa a kan wurin, ya hau tudu neman Ajudan.

*

Aka taru a dogon ɗakin kafin kiran sallar Juma'a. Warin albasa ya cika wurin. A bango ɗaya akwai ragowar baƙin allon lakwal, a ɗayan kuma farin tabo mai siffar gicciye inda fenti bai dushe ba. Mai gari ya zauna a kujera, Alhaji Mahaman da Malam Alamin a kan benci, mata a ƙasa ta wajen buhuna. Maman da samarinsa suka tsaya a bakin ƙofa.

"Mi ya rage a bincika?" in ji Maman. "Wanda ya yi shina hannu."

"Ka saurara," in ji Ajudan.

Ubaidu ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce Baba Isma'il da kansa ya tone kabarin, ba wanda ya tilasta shi, don wanda aka tilasta ba ya shimfiɗa buhu kafin ya zuba ƙasa. Ya ce wajen fitowa bangon ramin ya rufta da shi, ya faɗa da baya a kan dutse. Ba sanda ba ce. Ya ce akwai mutum na biyu da ya karɓi ƙasusuwan ya ɗora wa jaki, ya kai su fadama ya binne a ramin da aka riga aka tanada, sannan ya dawo da gudu.

"Ɓarawo ba shi dawowa," in ji shi. "Wanga ya dawo. Ya ishe tsohon ya cika, ya juya shi gabas, ya rufe mishi ido. Jakin bai taɓa isa ruga ba. Na bar shaida a fadama, duk mai so ya je ya gani."

"Wane ne?" in ji mai gari.

Ubaidu ya ɗaga kai ya dubi wajen da mata ke zaune.

"Bar shi, ranka ya daɗe," in ji wata murya daga cikin mata. "Kada ku sa shi ya faɗa. Ni ce."

Inna Salamatu ta dafa buhu ta miƙe. Ta fito da hannuwanta daga mayafi, gwiwar zanenta har yanzu da alamar taɓo da wanki bai fitar ba.

"Ni na tahi wajen mutanen coci, anka ce in jira. Na zo wajenka, ranka ya daɗe, ka ce abin ya fi ƙarfinka. Isma'il ya tambayi malam, anka ce babu wuri. Matar nan ta wanke ni ina da ƙwarƙwata, ta ba ni sana'a. Rabin waɗanda ke ɗakin nan ta hannunta sunka fito, sauran ta nawa. Sai in zauna in ga kamyo na juyawa bisa kanta?" Ta gyara mayafinta. "Ni da Isma'il munka ce ranar kasuwa, da ba kowa. Na zo da farin ƙyalle. Ba ta da nauyi, kamar ɗan itacen girki. Ya miƙo mini ita, ya zo fitowa, ƙasa ta tahi da shi."

Ta dubi Maman, ta ci gaba.

"Na ja shi, ya fito da kanshi, ya zauna gindin icce. Jini na zuba. Na ce bari in nemo mutane. Ya ce in kin nemo mutane sun hana, tahi da ita kafin 'yan kasuwa su dawo, ni hutawa zan yi. Har dariya ya yi mini."

"Kin bar shi shina zubar da jini," in ji Maman. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Awo, ɗana. Shi ya ce in tahi, amma ni na tahi. Ni da na san abin da jinin ƙeya ke nufi. Ina gama rufe ramin gabana ya faɗi, na baro jakin na sheƙo. Na ishe ya riga ya tahi."

"Mi ya hana ki faɗa?" in ji Ajudan.

"Na ce da safe in je gidanshi in faɗa ma matarshi da bakina. Kafin in ɗaura zane na ji kururuwa." Ta juya wajen samarin. "Ina bayan ƙofata sa'ad da kunka wuce da sanduna. Na ji sunan da kuke kira. Na san ba shi ba ne. Na kama ƙofar in buɗe, na tuna ku ne za ku juyo kaina, ƙafata ta ƙi. Wannan ba Isma'il ya sa ni ba, ba kowa ya sa ni ba."

Maman ya zame jikin ƙofa ya tsuguna, ya rufe fuskarsa da hula. Samarin da ke bayansa suka fara janyewa ɗaya-ɗaya, Ajudan ya ce kowa ya tsaya inda yake, akwai maganar hannun da aka karya.

Mai gari ya tambayi abin da za a yi da ƙasusuwan. Malam Alamin ya ce garka ba maƙabarta ba ce, ƙasar mai ita ce, a bar baiwar Allah inda aka sa ta. Ba wanda ya musa. Alhaji Mahaman ya tambaya a hankali ko injin na iya zuwa ranar Litinin ɗin, mai gari ya ce ya zo.

Da za a shiga mota a kai Inna Salamatu Malbaza ta ba da bayani, ta kasa ɗaga ƙafa. Ubaidu ya tallafe ta. Ba ta dube shi ba, ta ce, "Ka yi aikinka, Ubaidu. Ka ce ma Larai ta kwanto jakin, tun shekaranjiya bai sha ruwa ba."

*

Sai washegari Asabar aka gama rubuce-rubuce aka saki Sajo. Ajudan ya ɗauko shi tare da Ubaidu ya kawo su har bakin burtali. Jandarmomin da aka aika ranar Juma'a sun riga sun kawo labari, amma ba wanda ya iya gaya wa Sajo a hanya.

Fakon babu kowa. An kwashe tabarmin bukkoki, an bar ƙwarangwal ɗin itace a tsaye. Tokar murhu ta yi sanyi. Wata ƙwarya da ta fashe tana kife kusa da turken maruƙa.

Sajo ya tsaya a tsakiyar wurin, hannunsa rataye a wuya, yana juya kai don ya gani da idon da ya rage masa.

"Tun asubahin Juma'a sunka tashi," in ji Ajudan. "Kafin mutanena su iso."

Sajo ya juya wajen Ubaidu. "An ce kai ka gano. Wa ya kashe tsohon?"

"Ba wanda ya kashe shi. Faɗuwa ya yi."

"To ni don mi?"

Ubaidu ya duƙar da kai. Ya zagaya bayan turken, inda garken ya fita, ya daɗe yana duban ƙasa. An kora shanun da sauri, sun nufi yamma maso arewa, wajen Alela. Akwai saniya mai ciki da ke ja baya, da tsohuwa a ƙafa wadda ta riƙa tsayawa tana juyowa.

"Ba za su yi nisa da saniyar nan ba," in ji shi. "In mun kama hanya yanzu, gobe mu cim musu."

"Mota ba ta bin nan," in ji Ajudan.

"Na sani. Ka aika Tsarnawa a ce musu sai sun gan ni."

Ya karɓi gorar ruwa daga motar ya rataya, ya shiga gaba. Sajo ya ɗan tsaya, sannan ya biyo shi a hankali, yana riƙe da karyayyen hannun da mai lafiyar.